Makaranta ta ce in ɗauke ɗana, shin in zaunar da shi a gida?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce daga Kano. Ɗana na biyu shekararsa bakwai, yana aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi ta unguwarmu. Bai fara magana ba sai da ya haura shekara huɗu, har yanzu ma yawanci maimaita abin da aka faɗa masa yake yi. Sau da yawa in an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma ya iya ƙirga har ɗari biyar, kuma ya haddace gajerun surori daga ji a rediyo. Wata nas ta ce min alamunsa na otizim ne, wato larurar ci gaban ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da mu'amalar yaro, sai dai ba mu je asibiti a kan maganar ba. A makaranta in aka buga ƙararrawa ko ana asambili sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, ba ya zama a benci, an sha zane shi. Makon jiya shugabar makarantar ta kira ni ta ce iyaye na ƙorafi, in zangon nan ya ƙare in ɗauke shi, wai ba su da malaman irinsu. Surukata ta ce iska ce, a bar boko a koma ruƙiyya. Babansa ya ce kuɗin makarantar asara ne. Na rasa inda zan sa kaina. Shin in zaunar da shi a gida ne?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba ki ladan ɗawainiyar yaron nan, Ya sanyaya miki zuciya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi tsaya min a rai: kada ki zaunar da shi a gida. Yaron da ya ƙirga ɗari biyar, ya ɗauke surori daga rediyo ba wanda ya biya masa, yaro ne mai ɗaukar karatu. Abin da ya gagare shi hayaniyar makarantar ce da yadda ake ba da karatun, kuma duka biyun ana iya gyara su. In kika ajiye shi a tsakar gida yau, kafin ki ankara shekara uku ta wuce, ranar da za ki so mayar da shi ya girme wa 'yan ajinsa, ya kuma saba da zaman kaɗaici.

Kafin komai, dukan nan ya tsaya. Gobe da safe ki raka shi da kanki, ki samu malamar ajinsa ke da ita, ki gaishe ta da mutunci, ki ce mata kuna shirin kai shi asibiti, kina roƙonta kada a sake sa masa bulala, in ya gagare ta ta kira ki a waya. Yaron da ya toshe kunne yana ihu ba rashin kunya yake yi ba. Ƙarar tana shigarsa ne kamar ana soka masa tsinke a kunne. In aka ƙara masa da tsumagiya, abin da zai koya kawai shi ne makaranta wurin azaba ce.

Sai asibiti. Nas ɗin nan ta kyauta da ta buɗe miki ido, amma maganar baki ba ta shiga ofis. Kina bukatar takardar likita. A Kano kina iya farawa daga asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala, ki nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wajen likitocin yara masu duba ƙwaƙwalwa da ci gaban yaro. Masu karanta wannan daga wasu jihohi, akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Kada ki tafi da zaton za a ɗebi jini a ce ga shi an gani. Ana gane otizim ne ta hanyar kallon yaro da sauraron tarihinsa daga bakin uwa, don haka ke ce babbar sheda. Ki ɗauki gajerun bidiyo a wayarki: yadda yake wasa, yadda yake yi in an kira shi, yadda yake in ya harzuƙa. Ki tuna watan da ya zauna, da ya yi tafiya, da ya fara furta kalma. Ki nemi a gwada jinsa, don rashin waiwayowa kan zama matsalar kunne. In kin taɓa ganin ya sandare ko ya ƙafe ido na ɗan lokaci ba ya jin kira, ki faɗa, saboda farfaɗiya ta fi yawa a cikin yara masu otizim fiye da sauran yara, kuma ita tana da magani.

Abin da iyaye da yawa ke mantawa shi ne su roƙi likita ya rubuta wa makaranta. Ki ce masa: "Likita, don Allah a rubuta abin da ke damunsa da sunansa, a kuma rubuta cewa zai iya karatu tare da sauran yara in an yi masa sassauci kaza da kaza." Sunan yana da muhimmanci. A rediyo za ki ji ana cewa galahanga, amma kalmar nan mun mayar da ita buhu, muna zuba otizim a ciki, muna zuba wasu larurorin da ba su da alaƙa da shi. In kika ce wa malama ɗanki galahanga ne, abin da zai faɗo mata a rai shi ne yaron da ba zai taɓa gane komai ba, ta cire rai tun kafin ta gwada. Ki yi hoton takardar kamar guda biyar, asalin ya zauna a akwatinki.

Ki sani kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da otizim, kuma an fi ganinsa a maza. Makarantar da ke da ɗalibai ɗari uku ta ce ba ta da "irinsu", tana da su, ba ta gane su ba ne. Tarbiyyarki ba ta jawo shi ba, allurar rigakafi ma ba ta jawo shi. Babu kuma ƙwaya ko jiƙo ko tsimi da ke cire shi, duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai warkar da shi cikin wata uku, kuɗinki yake hange. Abin da ke aiki shi ne horo: na magana, na mu'amala, na kula da kai, kullum kaɗan kaɗan.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma na ga iyaye iri biyu suna shigowa ofishin hedimasta a kan irin wannan magana. Akwai mai zuwa da kuka tana cewa a taimaka a yi haƙuri da shi. Akwai mai zuwa da faɗa yana cewa zai kai ƙara. Su duka biyun sukan fita hannu rabbana, don ba wanda ya gaya wa malamar abin da za ta yi ranar Litinin da ƙarfe takwas. Yawancin malamanmu ba mugaye ba ne. Mace ce da yara hamsin ko fiye a gabanta, albashi kaɗan, ba a taɓa koya mata komai a kan otizim ba. In kin ce ta yi haƙuri, za ta yi na kwana uku ta gaji. In kin ba ta abu ƙarami mai suna, za ta iya yi.

Akwai yaron da har yau nake tunawa. Ƙararrawar makarantarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya, monita ya doka shi da guntun rodi. Bencin yaron nan na jikin tagar da ke kallon bishiyar. Duk bugu sai ya zube ƙasa yana ihu, ni kuma na ɗauka taurin kai ne, na yi ta masa tsawa, abin da har yanzu yake min ciwo in na tuna. Rannan yayarsa da ke aji biyar ta zo ɗaukarsa, ta ce min a hankali, "Malama, a gida ma haka yake yi in an tayar da injin markaɗe." Washegari na mayar da shi ɗaya ɓangaren ajin, kusa da teburina. Na zana ƙararrawa a bayan wani kati. Na gaya wa monita ya riƙa leƙo ni kafin ya buga. In ya leƙo, sai in je in ajiye katin a gaban yaron, shi da kansa ya sa tafukansa a kunne yana ƙirge, ɗaya, biyu, uku, har ƙarar ta wuce. Ba a yi sati uku ba ihun ya zama sai jefi jefi. Ko kwabo ba a kashe ba. Ashe ba ƙarar kaɗai ke firgita shi ba, har da zuwanta babu sallama.

Don haka ki sayi littafin rubutu mai ganye arba'in. Na mako biyu, duk ranar da ya birkice, a gida ko a makaranta, ki rubuta abu uku: me ya faru dab da nan, me ya yi, me ya kwantar da shi. Za ki sha mamakin yadda abin zai fito fili. Wataƙila ƙara ce, wataƙila yunwa, wataƙila canjin da ba a sanar da shi ba, kamar malama ta yi fashi wata ta shigo, wataƙila ma wuyan rigar makaranta ne ke cizonsa. Daga littafin nan za ki fitar da bukatunki.

Sannan ki nemi zama da shugabar makaranta da malamar aji, a rubuce. Gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, kwafi biyu, a sa miki hannu a ɗaya ki riƙe. Ki haɗa da takardar likita. A zaman, ki fara da abin da ya iya. Ki bar shi ya karanto musu sura, ko ki nuna bidiyonsa yana ƙirga. Mutanen nan ihunsa kawai suka sani.

Abubuwan da za ki roƙa ga irinsu. A zaunar da shi gaba, nesa da taga da ƙofa, a wuri guda kullum. A ɗauke masa layin asambili na ɗan lokaci, ya zauna a aji ko ya tsaya can baya inda babu ganga da lasifika. A riƙa gargaɗinsa kafin ƙararrawa. A ba shi wurin da zai je ya huce in abu ya yi masa yawa, ko baranda ce ko kusurwar ofis, minti biyar ya dawo, kuma kada a mayar da wurin na horo. In za a ba shi umarni, a matso kusa, a kira sunansa, a faɗi abu ɗaya a gajarce: "Ɗauko fensir." A yi shiru a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita, don maganar na ɗaukar lokaci kafin ta isa. Kada a tilasta masa kallon ido. Da yawansu sun fi ji in ba sa kallonka. Tun da yana maimaita tambaya maimakon amsa ta, a riƙa nuna masa abu biyu ya zaɓa, ko ya nuna amsa da yatsa. A jarrabawa a ba shi ƙarin lokaci a wuri mai shiru, a karanta masa tambaya, a karɓi amsar baki.

Abu ɗaya ki haɗa da hannunki ki kai musu. Ki yanko kwalin sabulu, ki zana ko ki manna hotuna shida a jere: isowa, karatu, rubutu, hutun tara, lissafi, tashi. Ki sa abin maƙale shanya a kan na farko. Duk abin da aka gama, shi zai matsar da maƙalin zuwa na gaba. Yaro mai otizim yana samun natsuwa in ya san abin da ke tafe, kuma ido ya fi masa kunne saurin kamawa. Ki fara gwada irinsa a gida da wanka, karin kumallo da sa kaya, don ya saba kafin ya gan shi a aji.

Kada ki manta da maigadi. Wasu yaran in sun firgita ficewa suke yi da gudu, ba sa tsoron titi ko rijiya ko kududdufi. Maigadi ya san fuskarsa, ya san ba ya fita sai da wanda kika ambata. Wannan kam ba a jira zama a kansa, ki yi shi gobe.

Kada ki zube musu wannan duka a zama ɗaya, za su ga abin ya fi ƙarfinsu. Ki zaɓi huɗu da suka fi damunsa. Ki ce a gwada na mako shida, a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, a sa ranar da za a sake zama. Littafin nan mai ganye arba'in ya riƙa yawo a jakarsa, malama ta rubuta layi biyu kullum, ke ma ki rubuta yadda ya kwana. In suka ce yini guda ya yi masa yawa, kina iya yarda ya riƙa tashi bayan hutun tara, amma da sharaɗin a rubuta ranar da za a ƙara masa lokaci, don rabin yini kan zama hanyar sallama a hankali. Game da ƙorafin iyaye, ki tambaya dalla dalla: me ya faru, yaushe? In ya taɓa dukan wani yaro ko ya cije shi, kada ki kare, ki karɓa, ki nemi a duba me ya jawo. In kuwa ƙorafin bai wuce ba sa son ɗansu ya zauna da shi ba, wannan aikin shugabar makaranta ne ta wayar musu da kai.

Za su iya ce miki sai kin kawo mai zama da shi a aji. Yana taimakawa, musamman a watannin farko, in aljihu zai ɗauka. Ba dole sai ƙwararriya ba. Mai takardar NCE da ke zaune ba aiki, mai haƙuri, za ta iya in an nuna mata. Sashen nazarin ilimin masu bukata ta musamman na Jami'ar Bayero wuri ne da za ki je ki yi tambaya, ko a dace da ɗalibi ko malamin da zai leƙa makarantar ya ba malamai haske. Sai dai ki kula kada mai rakiyar ta zama katanga, ta riƙa yi masa komai, malamar aji ta manta da shi.

Doka kuma tana bayanki, ya kamata ki san haka ko da ba za ki ambace ta a zaman farko ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Ta hana kowane mutum ko wata cibiya nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa, da tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ce mai nakasa na da haƙƙin ilimi ba tare da an ware shi ba, kyauta har sakandare, kuma makarantun gwamnati su karɓi kowa, su samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar a kan wannan. Ga kuma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da ta wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro. Ni da ke mun san tazarar da ke tsakanin takarda da abin da ke ƙasa. Duk da haka, uwar da ta ce cikin ladabi, "Hajiya, a ba ni dalilin sallamar a rubuce," ana sake kallonta. Da wuya shugabar makaranta ta yarda ta rubuta da hannunta cewa ta kori yaro saboda larurarsa. In aka kai ga ƙara, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a jiha, akwai kuma Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da dokar nan ta kafa.

Amma zan gaya miki gaskiya: in bayan duk wannan kika ga zuciyarsu ba ta karɓe shi ba, kada ki bar ɗanki a hannun mutanen da aka tilasta wa riƙe shi. Ki yi amfani da sauran zangon ki nemi wata. Ƙaramar makaranta mai yara ashirin a aji da malama mai tausayi ta fi mai bene da motar ɗaukar ɗalibai. Ki je da rana tsaka ki tsaya ki saurara: ana jin ƙarar bulala? Ki faɗi larurarsa tun ranar farko, ki kalli fuskar mai sauraronki. In ta gwamnati ce, ki bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, in ya tsaya ki wuce hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ki nemi jami'in da ke kula da ilimin masu bukata ta musamman. Za a ce miki ki kai shi Tudun Maliki. Makarantar nan an san ta ne da koyar da kurame da makafi, kuma tana aikinta, amma ɗanki yana ji yana gani, maganar yara 'yan'uwansa yake bukatar ji kullum. Ki je ki gani da idonki, ki tambayi likitansa, kafin ki yanke.

Surukarki kada ki yi jayayya da ita. Son jikanta ne ya sa take neman mafita a inda ta sani. Ki ce mata, "Hajiya, a ci gaba da addu'a, mu ma muna yi, asibitin ma sababi ne." Ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Iyakarki guda ce, kuma a nan kada ki sassauta: ba duka da sunan fitar da iska, ba ɗauri, ba turnuƙe shi da hayaƙi, ba kai shi wani wuri a baro shi. Tun da yana son sautin Alƙur'ani, ki nemi malamin islamiyya mai sanyin hali ya riƙa biya masa shi kaɗai ko cikin yara kaɗan, ki bar kakar ta riƙa jin haddarsa. Ranar da ya karanto mata sura daga farko har ƙarshe, da kanta za ta rage maganar iska. In wani ya ce karatun irinsu ɓata lokaci ne, ki tuna masa Suratu Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi.

Babansa kuwa, ina zaton ba kuɗin ne kaɗai ke cinsa ba. Maza da yawa in abu ya fi ƙarfinsu sai su mayar da shi maganar kuɗi. Ki lallaɓa shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita, ya kuma zauna a zaman makarantar, ko da ke za ki yi yawancin maganar. A garin nan in uba ya shigo ofis da kansa, sauraron da ake yi daban ne. Ki roƙe shi zango ɗaya tak na gwaji. A shafin farko na littafin nan ki rubuta abin da yaron ke iyawa yau, da kwanan wata: minti nawa yake zama a benci, kalma nawa yake faɗa don kansa, sau nawa yake ihu a mako. Ƙarshen zango ku buɗe shafin tare da babansa ku gwada. Ki sake rubuto min bayan zamanku da makarantar, ki gaya min abubuwa huɗun da kika zaɓa da amsar da suka ba ki.